Makarantar Namun Daji ta Garwa: yadda Kamaru ke koyar da kula da muhalli a cikin daji

Makarantar Namun Daji ta Garwa, wadda aka fi sani da sunanta na Faransanci École de Faune de Garoua, cibiya ce ta gwamnatin Kamaru da ke horar da ma'aikatan da za su kula da gandun daji da namun da ke cikinsu. Tana birnin Garwa, fadar yankin Arewa, a gaɓar kogin Binuwai, kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Gandun Daji da Namun Daji, wato MINFOF. An buɗe ta a shekarar 1970 domin amfanin ƙasashen Afirka masu aiki da harshen Faransanci, kuma ɗalibai daga ƙasashe fiye da 20 sun yi karatu a cikinta, ciki har da 'yan Nijar, Cadi, Benin, Burkina Faso, Mali, Senegal, Gabon da Afirka ta Tsakiya.

Abin da ya bambanta ta da galibin makarantu shi ne babban kaso na karatun a waje ake yin sa, cikin ciyawa da bakin tafki, ba a gaban allo kaɗai ba. Tsarin ya ginu ne a kan cewa wanda bai taka daji da ƙafarsa ba, bai san sawun dabba da sunan itace ba, ba zai iya tsare shi ba, kuma ba zai iya yi wa mutanen da ke zaune a gefensa bayani ba. Makiyayi ko manomi ko mai fataucin itace da ya taɓa haɗuwa da malamin daji a arewacin Kamaru ko kudancin Cadi, akwai yiwuwar ya haɗu ne da wanda ya fito daga wannan makaranta, ko wanda ɗalibinta ya horar.

Dalilin kafa ta

A zamanin mulkin mallaka, Turawa ne ke riƙe da shugabancin gandun daji da harkar farauta, 'yan ƙasa kuwa yawancinsu masu gadi ne da masu bin sawu. Da ƙasashen suka samu 'yancin kai a wajejen 1960, sai aka ga babu isassun ƙwararru 'yan Afirka da za su karɓi aikin. An tattauna wannan giɓi a taron da aka yi a Arusha ta ƙasar Tanganyika a 1961, kuma a 1963 aka buɗe kwalejin Mweka a gindin dutsen Kilimanjaro domin ƙasashe masu aiki da Ingilishi. Ƙasashen da Faransa da Beljiyam suka raina suka ci gaba da zama ba su da tasu, har sai da aka kafa ta Garwa da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da kuma Hukumar Raya Ƙasashe ta majalisar, PNUD.

Wurin da aka zaɓa ya dace da aikin. A 1968, shekara biyu kafin buɗe makarantar, gwamnatin Ahmadu Ahijo ta ɗaga darajar dazuzzukan Waza, Binuwai da Buba Njida zuwa matsayin gandun daji na ƙasa. A shekarar ce kuma shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka suka rattaba hannu a birnin Aljiyas kan yarjejeniyar kare halittu da albarkatun ƙasa. Daga Garwa ana iya isa waɗannan dazuzzuka a mota, kuma suna da ire-iren ƙasa daban-daban: akwai dajin doka mai yalwar bishiyoyi a kudu, akwai fadama da dajin ƙaya a arewa. Ɗalibin da ya fito daga Nijar ko Mali zai tarar da irin dajin gida a Waza, wanda ya fito daga arewacin Benin ko Afirka ta Tsakiya kuma zai tarar da nasa a Binuwai.

A daidai wannan lokaci ne ma batun ilimin muhalli ya fara samun gindin zama a duniya. Taron Stockholm na 1972 ya haifar da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ranar muhalli ta 5 ga Yuni, sannan taron Tbilisi na 1977 ya tsara manufofin koyar da shi a makarantu da wajen makarantu.

Masu shiga da tsawon karatu

An daɗe ana gudanar da karatun a matakai biyu, kowanne na shekara biyu. Matakin da ake kira B na masu takardar bakaloriya ne, wato waɗanda suka kammala babbar sakandare, matakin C kuma na masu ƙaramar takarda ne irin BEPC. 'Yan Kamaru kan shiga ta hanyar jarrabawar gasa da ma'aikatar ke sanarwa. 'Yan ƙasashen waje kuwa galibi ma'aikatan gwamnati ne da hukumomin gandun dajin ƙasashensu ke turowa, sau da yawa da tallafin wata ƙungiya ko wani shiri na kare muhalli. Saboda haka mai sha'awa daga Nijar ko Cadi, ƙofar da ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa ita ce hukumar ruwa da gandun daji ta ƙasarsa.

Ban da dogon karatu, makarantar na shirya gajerun kwasa-kwasai na makonni ko watanni domin masu gadin daji, waɗanda ake kira écogardes, da jagororin masu yawon buɗe ido, da tsofaffin ɗalibai da ke buƙatar sabunta iliminsu. Tana da takwara a kudancin ƙasar, wato makarantar ruwa da gandun daji ta Mbalmayo, wadda ta fi mayar da hankali ga kurmi da harkar katako.

Darasin aji da darasin daji

A aji ana koyon ilimin dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye da kifaye, ilimin tsirrai, yanayin ƙasa da ruwa, cututtukan dabbobi, lissafin ƙidaya, zanen taswira, dokokin farauta da na gandun daji, da tsarin gudanar da gandu. Akwai kuma horo irin na soja, domin ma'aikacin daji a waɗannan ƙasashe ɗan kaki ne, yana riƙe makami, kuma doka ta ba shi ikon kama mai laifi da rubuta masa takardar tuhuma.

A daji ne ake gwada abin da aka karanta. Ɗalibai kan fita rukuni-rukuni tare da malamansu, su kafa sansani na kwanaki, su yi tafiyar ƙasa. Abu na farko shi ne gane hanya da kamfas da na'urar GPS, da karanta taswira. Daga nan sai karatun alamu: bambanta sawun gwanki da na kanki, gane kashin ɓauna ko sabo ne ko ya kwana, sanin itacen da giwa ta ɓare da wanda mutum ya sare, gano tarkon waya da sansanin mafarauta. A wannan fanni masu bin sawu na ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda da yawansu ba su shiga aji ba, sukan zama malamai ga masu takardun shaida.

Ƙidayar dabbobi ita ce ginshiƙin aikin. Hanya mafi shahara ita ce a shata layuka miƙaƙƙu a taswira, mutane biyu ko uku su bi kowane layi a ƙafa da sassafe, su rubuta kowace dabba da suka gani, da adadinta, da nisanta daga layin. Da wannan nisa ake lissafa yawan dabbobin da ke kowace murabba'in kilomita, domin dabbar da ke nesa ta fi saurin kuɓuce wa ido, kuma dole lissafi ya yi la'akari da hakan. A wuri irin Waza, inda ruwa ke ƙarewa a ƙarshen rani, akwai wata hanyar: a zauna a bakin tafkunan da suka rage a ƙirga duk dabbar da ta zo sha. A manyan wurare ana ƙidaya ta jirgin sama, kuma a 'yan shekarun nan an ƙara da kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itace, masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gifta. A watan Janairu kuma ana ƙidayar tsuntsayen ruwa, kamar dinya da kirinjijiya da gauraka, a lokaci guda da sauran ƙasashen duniya, tunda da yawa daga tsuntsayen da ke sauka a fadamun tafkin Cadi daga Turai suke zuwa.

Ana koyon tsirrai ta hanyar tattara ganye da fure, a matse su tsakanin takardu, a busar, a rubuta suna da wurin da aka samo. Makarantar na da ɗakin ajiyar irin waɗannan samfura, wanda masu bincike ke komawa gare shi domin tsirran arewacin Kamaru. Dole ɗalibi ya san doka da maje da kawo da maɗaci da marke da baushe da madobiya, ya san kaɗanya da ɗorawa da manomi ke bari a gona, ya san gamba da sauran ciyayin da dabbobi ke kiwo.

Wuta ma darasi ce. Ma'aikatan gandu kan sa wutar farko da gangan jim kaɗan bayan ɗaukewar damina, lokacin da ciyawa ba ta gama bushewa ba. Irin wannan wuta ba ta da zafi sosai, tana barin tsibirai na ciyawa, tana sa sabon tsiro ya fito, kuma tana rage abin da gobarar watan Fabrairu ko Maris za ta ci. Wutar ƙarshen rani kuwa tana kashe ƙananan itatuwa, tana barin ƙasa tsirara gaban ruwan farko. Sanin lokacin da za a kunna, da inda za a share hanyar tare wuta, abu ne da sai an yi shi da hannu ake iyawa. Kafin kammalawa, kowane ɗalibi kan yi aikin gwaji a wani gandu ko wata hukuma, ya rubuta rahoto a kan abin da ya bincika.

Dazuzzukan da ke zaman azuzuwa

Gandun Binuwai, mai faɗin kimanin hekta 180,000, yana kudu da Garwa, kuma babbar hanyar Garwa zuwa Ngaundare ta bi ta gefensa na yamma. An keɓe shi tun 1932, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren adana halittu a 1981. Kogin na da dorina da kada, dajin kuma na da mariya, gwambaza, kanki, ɓauna da zaki.

Buba Njida, mai kimanin hekta 220,000, yana gabas a ƙasar Rai Buba, yana iyaka da Cadi. Faro, wanda ya fi su girma da kimanin hekta 330,000, yana yamma kusa da iyakar Najeriya, kuma a 1980 ya zama gandun ƙasa. A waɗannan uku ake samun élan de Derby, dabbar da ta fi duk dangin gwanki girma. Tsakanin gandayen akwai yankunan farauta da ake kira ZIC, waɗanda gwamnati ke ba wa kamfanoni haya, kuma su ne ke haɗa gandu da gandu don dabbobi su samu hanyar wucewa. Ɗaya daga cikinsu, na Tchéboa da ke kudu maso yammacin Garwa, an ba makarantar ne domin aikin gwaji. Idan aka haɗa gandayen da yankunan farautar, sun mamaye fiye da kashi 40 cikin 100 na yankin Arewa baki ɗaya.

Waza, mai kimanin hekta 170,000, yana yankin Arewa Mai Nisa, a kan hanyar Mora zuwa Kusiri. An keɓe shi a 1934, ya shiga jerin UNESCO a 1979. Ɓangarensa na yamma dajin marke ne, tsakiya dajin dushe, gabas kuma buɗaɗɗiyar fadama ce da Fulani ke kira yayre. Ya yi suna da giwa, raƙumin dawa, dari, zaki da jimina.

Darasin da Waza ya koyar

Labarin ruwan Waza na cikin misalan da aka fi amfani da su wajen nuna yadda abu ɗaya ke jan wani a muhalli. Kowace shekara kogin Logon kan cika ya malala cikin fadama daga wajejen Satumba. Kifi na hayayyafa a cikin wannan ruwa, idan ya janye kuma sai ya bar ɗanyar ciyawa irin su burgu, wadda shanun makiyaya da namun daji ke dogaro da ita duk rani. A 1979 aka gina madatsar Maga da doguwar ganuwa a gaɓar kogin domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY. Hakan ya zo daidai da shekarun fari, sai ambaliyar ta daina kaiwa wani babban ɓangare na fadamar. Ciyayi masu daɗewa suka mutu, marasa amfani suka maye gurbinsu, kamun kifi ya ragu, garken mariya ya zube ƙwarai, makiyaya da masunta da yawa suka ƙaura.

A 1994, ƙarƙashin shirin Waza-Logon da ƙungiyar UICN ta jagoranta tare da gwamnati, aka buɗe wani mashigi da ganuwar ta toshe, ruwa ya sake malala a wani yanki. Ciyawa ta fara farfaɗowa, kifi da tsuntsaye suka dawo, makiyaya ma suka dawo da yawa, har gasa a kan sabuwar ciyawar ta zama wata sabuwar matsala. Abin da ɗalibi ke ɗauka daga nan shi ne makomar gandu na iya rataya a kan shawarar da aka yanke nesa da shi, kuma abin da ya kashe kiwon mariya shi ne ya kashe kiwon saniya. A 2006 an sa fadamar cikin jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya.

Abin da ƙidaya ta nuna

Amfanin ƙidaya shi ne ta nuna raguwa tun kafin a makara, amma ba kullum ake ɗaukar mataki a kan lokaci ba. Arewacin Kamaru ne mafaka ta ƙarshe ta baƙar karkandar Afirka ta Yamma. Binciken da aka yi a 2006 bai samu ko guda ba, kuma a 2011 UICN ta bayyana cewa wannan iri ya ƙare a duniya. A farkon 2012, mafarauta a kan dawakai ɗauke da bindigogin yaƙi suka ƙetaro iyaka suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida cikin 'yan makonni, har sai da gwamnati ta tura sojoji. A Zakuma ta ƙasar Cadi, giwaye sun ragu daga kimanin 4,000 a 2002 zuwa kusan 450 a 2010, kafin a tsaurara tsaro su fara hayayyafa.

Akwai kuma misalin da ke nuna cewa sa ido da haɗin kan jama'a na biya. Raƙuman dawan Kure a Nijar, waɗanda ke zaune cikin gonakin mutane ba a cikin gandu ba, sun rage 49 kacal a 1996. Da aka dage kan ƙidayar shekara-shekara da wayar da kan ƙauyuka, sun haura 600, har a 2018 aka kwashe guda 8 zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Makarantar na da wani aiki da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Ita ce hukumar kimiyya da ke ba gwamnatin Kamaru shawara kan dabbobi a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe. Kafin a ba da izinin fitar da wata dabba ko fatarta, sai an tabbatar fitarwar ba za ta cutar da irin ba. Tun farkon 2017, aku mai ruwan toka da dukan nau'o'in ɗankunya sun koma jerin farko na yarjejeniyar, wanda ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Yara da 'yan makaranta

Ilimin muhalli a Kamaru bai tsaya ga ma'aikata ba. Dokar muhalli ta 5 ga Agusta 1996 ta tanadi a shigar da shi cikin manhajar firamare da sakandare da manyan makarantu. A makarantu da dama akwai ƙungiyoyin abokan halitta, inda ɗalibai ke renon dashe, su dasa itatuwa a harabar makaranta, su fita ziyara. Gidan ajiye namun daji na Garwa, wanda ma'aikatar ke gudanarwa, shi ne inda yaran birni da yawa ke fara ganin kada ko kura ido da ido. Akwai irinsa a unguwar Mvog-Betsi ta Yawunde. A Limbe kuma, cibiyar kula da birai da aka ƙwato daga hannun masu fatauci, wadda ma'aikatar ke gudanarwa tare da ƙungiyar Pandrillus tun 1993, tana da kulob na yara a ranakun Asabar da darussa a makarantun garin.

A yankin Arewa Mai Nisa, shirin Sahel Vert da aka fara a shekarun 1970 bayan babban fari, aka kuma farfaɗo da shi a 2008 ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, ya haɗa dashen itatuwa da rarraba murhu mai tsimin itace. Ranakun duniya su ne lokutan da aka fi fita da yara: 2 ga Fabrairu ranar dausayi, 3 ga Maris ranar namun daji, 21 ga Maris ranar gandun daji, 5 ga Yuni ranar muhalli, da 17 ga Yuni ranar yaƙi da hamada. Raunin irin waɗannan bukukuwa sananne ne: ana dasa itace a yi hoto, amma idan babu mai ban ruwa da shinge, awaki da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, ba sa barin komai. Dashen da ya rayu galibi shi ne wanda aka damƙa wa wani aji ko wani gida.

Makiyaya, manoma da doka

A nan ne batun ya fi shafar jama'a. Dokar 20 ga Janairu 1994 ta raba namun daji gida uku: rukunin A da aka haramta kashewa gaba ɗaya, rukunin B da sai da lasisi, da rukunin C da aka sassauta amma da ƙa'ida. An sabunta dokar a 2024. A cikin gandun ƙasa, kiwo da noma da sarar itace da haƙar ma'adinai duk haramun ne, kuma riƙe hauren giwa ko fatar dabbar da aka kare laifi ne ko da mutum ba shi ya kashe ba. Fatake da masu sayar da maganin gargajiya da masu sana'ar fata na bukatar sanin wannan, domin kayan da ake ganin gado ne na iya kai mutum kotu.

Matsin lamba a kan dazuzzukan ya ƙaru. Tun shekarun 1970 manoma daga Arewa Mai Nisa ke ƙaura zuwa kwarin Binuwai don noman auduga da masara, madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 ta jawo ƙarin jama'a, masu haƙar zinariya sun shiga bakin koguna, garkunan shanu daga Najeriya da Cadi da Nijar kuma suna gangarowa kudu da rani. Makiyayi na cewa burtalinsa ya zama gona, sai ya ratsa gandu. Manomi na cewa giwa da bika sun cinye masa hatsi. Ma'aikacin daji na cewa shanu na korar namun daji daga mashaya, ana sassake kawo da madobiya don ciyar da su, ana kuma sa guba a mushe don kashe zaki, guba da ke hallaka ungulaye da kuraye.

Wannan ne ya sauya abin da ake koyarwa. A shekarun farko an fi ba da ƙarfi ga ilimin dabbobi da kama mafarauta. Daga shekarun 1990 aka ƙara darussan hulɗa da jama'a: yadda ake zama da sarakuna da ardo-ardo, yadda ake shata burtali, yadda ake raba kuɗin harajin farauta da ƙananan hukumomi da ƙauyuka, da yadda ake gudanar da wasu yankunan farauta tare da mazauna. A Faro da wasu wurare an ɗauki 'ya'yan makiyaya aikin zagayawa rugage suna bayyana iyakokin gandu da hanyoyin da aka yarda a bi. Taron ministoci da aka yi a Njamena a Janairun 2019 ya amince cewa ba za a warware batun ƙaurar shanu da ƙarfin bindiga kaɗai ba. Harshe na da muhimmanci a wannan aiki: karatu da Faransanci ake yi, amma a ruga da kasuwar shanu Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa ne ke aiki, kuma ma'aikacin da ya san sunan itace da dabba a harshen mai sauraro ya fi samun kunne.

Matsalolin da ake fuskanta

Babbar barazana ga karatun waje ita ce rashin tsaro. A Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga bayan sun ziyarci Waza, a Mayun 2014 kuma aka kai hari sansanin ma'aikatan hanya 'yan Sin a garin Waza. Tun daga nan masu yawon buɗe ido suka janye, kuɗin shiga ya faɗi, kai ɗalibai can ya zama abin da sai an yi lissafi. A kudu, masu garkuwa da mutane sun addabi wasu sassan Mayo Rai da kan iyakoki. Irin wannan ya faru a gandun W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kai, da kuma Kure bayan harin Agustan 2020 da ya hallaka mutum takwas.

Sai batun kuɗi. Fita daji na cin motoci da mai da tantuna da abinci, kuma shi ne abin da ake fara ragewa idan kasafi ya yi ƙaranci. Yawan ɗaliban waje ya danganta ne da tallafin karatu, wanda ke hawa da sauka da ra'ayin masu ba da agaji. Filin gwajin ma ba ya tsira daga gonaki da shanu da ke kutsowa. Idan daji ya ƙanƙance ko ya gagari shiga, abin da ya rage wa ɗalibi shi ne hoto da littafi, wato ainihin abin da aka kafa makarantar don a wuce shi.

Aiki a kan iyakoki

Dabbobi da shanu da mafarauta duk suna ƙetare iyaka, don haka ƙasashen suka fara haɗa gandayensu. A 2011 Kamaru da Cadi suka sa hannu kan yarjejeniyar haɗa Buba Njida da gandun Sena Ura na Cadi, wanda aka kafa a 2010, a ƙarƙashin suna BSB Yamusa. Faro na kusa da gandun Gashaka Gumti na Najeriya, Waza kuma na maƙwabtaka da gandun Tafkin Cadi na jihar Borno. A yamma, UNESCO ta faɗaɗa matsayin gandun W na Nijar, wanda ta amince da shi a 1996, ya haɗa da Arli da Panjari a 2017. A irin waɗannan wurare, kasancewar jami'an ɓangarorin biyu sun yi karatu a makaranta ɗaya, sun koyi hanyar ƙidaya iri ɗaya, yana sauƙaƙa sintiri na haɗin gwiwa da kwatanta alƙaluma.

Ga malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar matasa da ke son kai yara ziyara, hanyar ita ce ofishin ma'aikatar na yanki ko ofishin shugaban gandun, wanda ake kira conservateur. Shiga gandu sai da izini da jagora, kuma lokacin da ya dace shi ne rani, daga wajejen Disamba zuwa Afrilu ko Mayu, domin da damina hanyoyin cikin daji na yankewa, ciyawa kuma na rufe gani.